Idon Goggo Iffat da Tukwanen Agha Yadullah

Goggo Iffat har yau ba ta iya rubuta sunanta ba, amma ku je asibitin Naishabur ku tambayi likitoci nawa ne suka yi karatu da dutsenta a yatsa, sai kun gaji da ji. Yayar babanmu ce. Ita ta riƙe mu, ni da ƙanwata Mahtab, tun da mamanmu ta rasu, babanmu kuma ya kama tuƙin babbar mota ya mayar da mu sai gaisuwa a waya.

A ƙauyen da ke gindin tsaunin firuza, dutsen adon nan da ake sa wa zobe, aka haife ta. Maza na shiga rami, mata na zama a kan tarin ƙasar da aka zubar suna tsintar ƙananan shuɗayen duwatsun da suka kuɓuce wa maza. Tana shekara takwas ta fara. Tana goma sha biyu manyan mata ke miƙo mata nasu su ce, "Iffat, duba min wannan, zai rayu?" Haka suke cewa a can, dutse zai rayu ko zai mutu. Firuza in ta fito daga rami da danshinta duk shuɗiya ce, ta kirki da ta banza. Sai ta sha iska ta bushe kafin ta banzar ta koma fari fat kamar alli, ko kore-kore kamar majinar jariri. Goggo ba ta jira. Kallo ɗaya take yi, wani lokaci ta ɗan taɓa da harshe, ta ce wannan zai rayu, wannan gawa ne. Ta yi aure a birni, mijin ya mutu bayan shekara shida, ba ta haihu ba, ba ta sake aure ba. Sai ta kama aikin zaɓen dutse a shagon Agha Yadullah da ke kasuwa, ta yi shekara talatin da huɗu a kan tabarma ɗaya, a gindin taga ɗaya. Agha a wurinmu laƙabin girmamawa ne ga namiji, Hanum kuma ga mace.

Duk da idonta, ba ta yarda a sayar da dutse sai ya yi kwana arba'in a bakin tagar nan yana shan rana. Wanda ya fita da launinsa, sai ta ɗauki allura ta yi masa ɗigo uku a baya, inda azurfa za ta rufe in an sa shi a zobe. Ba don kowa ya gani ba. Ita da dutsen ne.

Kasuwarta ta fi ci in jarrabawar shiga jami'a ta gabato. Uwaye su yi ta jawo 'ya'yansu, wannan ba ya iya zama minti goma a kan littafi, waccan tana karantawa yana zubewa. Goggo ta kama hannun yarinya ta ce, "Ajiye littafin tukuna. Ki kalli dutsen har ki ja numfashi bakwai. Duk abin da ya faɗo miki a rai, saurayi ne, yunwa ce, faɗan babanki ne, ki ba shi ya riƙe miki. Sannan ki buɗe littafi." Ni ma an gwada min. A aji tara na gudu daga makaranta. Goggo ta ce ni ƙwara ɗaya ba ta isa ba, sai an ɗora min tsaunin gaba ɗaya a ka. Ta kai ni shagon, na koma goge duwatsu da dafa shayi.

Mahtab ce mai kai a gidanmu. Likita take son zama tun tana cin ƙasa. Shekarar da za ta zauna jarrabawa, Goggo ta ware mata ƙwara ɗaya, shuɗiya tas ba ko jijiya, ta ajiye ta wata biyu a taga maimakon kwana arba'in, ta yi mata ɗigonta uku, ta ba Agha Yadullah ya kai wa maƙeri. A satin nan ƙafar Goggo ta kumbura tana kwance. Ni na karɓo zoben, ni kuma na ba direba ya kai wa Mahtab birnin Mashhad inda take zaune gidan kawunmu tana karatu. Ban ko juya shi ba. Shuɗi ne, na ga shuɗi, ni sakarya kawai.

Saura kwana uku jarrabawa Mahtab ta bugo waya tana kuka kamar an yi mutuwa. Dutsen ya dushe. Kowa ya san abin da ake cewa in firuza ta mutu a hannun mutum, wai wata masifa ce ta doso shi. Yarinyar da ta yi sati uku tana kallon abin nan tana jan numfashi bakwai, yanzu in ta kalle shi sai ta rufe littafin. Ta shiga ɗakin jarrabawa, ta ce layukan takarda rawa suke yi mata. Ta faɗi.

Kuma ba ita kaɗai ba. Uwaye biyar suka zo shago a wata ɗaya da zobuna masu farin ido. Ina tsaye da faranti a hannu Agha Yadullah ya dafe ƙirji, ya langaɓar da kai, ya ce musu, "Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma me zan ce? Iffat Hanum ta tsufa. Idon ya tafi. Kun ga ko na 'yar ƙaninta ma da ta zaɓa da kanta, gawa ta ba ta. Tausayi ne ya hana ni sallamarta tuntuni."

Goggo na zaune a tabarmarta tana ji. Ta miƙe. Ta naɗe tabarmar, ta ja mayafi, ta fita.

Abin da ya fi ƙona min rai, ta yarda. Da zagi ta yi, da na ji sanyi. A'a, ta dawo gida ta zauna tana kallon bango, tana ɗaga yatsu a gaban fuskarta tana rufe ido ɗaya. Ta sa na kai ta wurin likitan ido, yaron da ita ta zaɓa wa dutse yana ɗan sakandare. Ya duba ya ce, "Goggo, idonki ya fi nawa." Da muka fito ta ce kara ce yake yi mata. Ba ta iya haɗa ido da Mahtab. Matar da 'yan kasuwar Tehran ke tsayawa a kanta suna jiran ta ɗaga kai, ta koma dafa abgusht, romon naman rago da wake, tana aika wa masu shaguna da rana. In shuɗin abu ya gifta, ko maɓallin riga ne, sai ta kau da fuska.

Ni ban bar shagon ba. Mutane suka ce ba ni da zuciya, an wulaƙanta wadda ta raine ni ina nan ina wanke wa mutumin kofi. Na bar su suka yi ta faɗa.

Wata rana da kaka ina share ƙarƙashin matakala sai tsintsiya ta bugi abu. Tukwanen ƙasa uku, an rufe da jiƙaƙƙen buhu. Na buɗe. Firuza ce cike, shuɗiya kamar a lashe, tana kwance cikin danshi. A gefe ga gwangwani na kitsen wutsiyar tunkiya. Ban yi karatu ba amma ba a haife ni jiya ba. Na ɗauki ƙwara ɗaya na jefa a aljihu, kafin la'asar ta zama alli. Daga ranar na sa masa ido, na gane yadda yake yi. In mai saye ya zo, sai Agha ya fito da su a jiƙe. Ba wanda zai yi zargi, ai kowa na jiƙa dutse don a ga launinsa. Ba ya shafa kitse kafin a zaɓa, don matan garin nan suna murza dutse a farin ƙyalle su shinshina. Sai an zaɓa an tafi, ya yi wuf ya shige ciki ya dulmuya su a narkakken kitse, ya aika wa maƙeri. Kitsen ya riƙe launi sati uku, huɗu, har sabulu da alwala su cinye shi. Daidai bakin jarrabawa kenan. Waɗanda Goggo ta zaɓa kuwa, su yake kai wa manyan 'yan kasuwa ta bayan fage.

Na zo gida na zaro zoben Mahtab daga inda ta wurgar da shi, na sa wuƙar yanka albasa na ɓanɓare azurfar. Bayan dutsen sumul. Ba ɗigo ko ɗaya.

"Goggo, duba! Ba naki ba ne. Tsohon ɓarawon nan ya musanya."

Ta juya shi a tafin hannu, ta miƙo min. "Gulnaz, wadda idonta ya mutu ai hannunta ma zai iya mantuwa. Ƙila ban yi ɗigon ba."

"Haba Goggo! Ga tukwane can na gani da idona!"

"Ki rufe min baki. Shekara talatin da huɗu na ci gurasar mutumin nan. Kada in ji kin je kina yi masa rashin kunya a kasuwa."

Na rufe baki. Wata bakwai na rufe shi, abin da ban taɓa yi ba tun da aka yanke min cibiya. Na san in na tsaya a kasuwa na yi ihu, cewa za a yi 'yar gidan makauniya ce ke haushi, kafin a leƙa ƙarƙashin matakala tukwanen sun yi ƙafa. Kuma ba kunyarsa kawai nake so ba. So nake Goggo ta ga idonta da idonta.

Saura wata guda jarrabawa ta sake zagayowa, Nayyira Hanum ta aiko. Ita ce mai makarantar bitar da 'yan mata ke zuwa, Mahtab ma can ta koma don ta sake gwadawa. Za ta saya wa ɗalibanta talatin zobe ɗaya-ɗaya, za ta zo ranar Laraba da hantsi da malamai biyu ta zaɓa da kanta. Agha Yadullah ya rina gashin baki, ya sa na wanke gilasai sau biyu. Ni kuma na je gida na ce wa Goggo, "Agha ya ce ki dafa abgusht na mutum shida ranar Laraba, yana da baƙi. Ya ce ke za ki kawo da kanki, wai yana so ku gaisa." Ƙarya ce tsagwaronta, Allah ya yafe min, ko kuma ya bar min ita, ban damu ba.

Laraba suka zo. Ya fito da duwatsun a farantin azurfa suna sheƙi, yana ta zuba. Wai wannan na tattara hankali ne, wannan na kaifin tunani, wannan har mantuwa yake kora. Mutumin da ko sunan jikokinsa sai an tuna masa. Nayyira Hanum ta murza a farin ƙyalle, ta shinshina, ta zaɓi talatin. Ta miƙe tana gyara mayafi. Shi kuma ya dafe ƙirjin nan nasa ya yi abin da kowane mai shago ke yi in azahar ta kusa.

"Hanum, ina za ku da ranar nan? Ku tsaya mu ci ɗan abin da ya samu, ko da bai kai darajarku ba."

"A'a Agha, Allah ya ƙara arziki, ba za mu ɗora maka nauyi ba."

"Wane nauyi? Shagon ai naku ne. Na rantse da ran 'ya'yana ku tsaya."

"Wallahi mun gode, wani lokacin."

Saura ɗaya. In ya sake tayi na uku, ta sake ƙi, sai kowa ya kama gabansa, shi kuma ya ruga wurin kitsensa. Haka ake yi tun kafin a haifi kakata. Ban bari ya buɗe baki ba. Na warware shimfiɗar abinci a tsakiyar shago, na ce da ƙarfi, "Hanum, Agha ya rantse da ran 'ya'yansa fa! Tun asuba ya sa aka ɗora muku tukunya. Ga ta nan ma ta iso."

Goggo ce a bakin ƙofa, tukunya a naɗe cikin tsumma, tururi na tashi.

Da kun ga fuskarsa. Murmushin na nan a baki, idanun kuma kamar na akuyar da ta hango wuƙa. Zai ce bai gayyace su da gaske ba? A gaban malamai? Nayyira Hanum ta ce, "Kai, Agha, ka ba mu kunya," ta cire takalmi ta zauna. Na ɗauki farantin duwatsun na ce, "Bari in ajiye na Hanum inda idonta zai riƙa ganinsu, kada su gauraya da wasu." Na ɗora shi a bakin tagar Goggo. Ranar watan shida, tana dukan gilashi kai tsaye.

"Gulnaz, 'yata," in ji shi, "kai su ciki mana, ƙura za ta..."

"A bar su nan, Agha," in ji Nayyira Hanum, "ina jin daɗin kallonsu."

Goggo ta sauke tukunya, ta gaishe shi kanta a ƙasa, ta juya za ta fita. Hanyar ƙofa kuwa ta gaban tagar take. Na ga ta kau da fuska. Na ga fuskar ta dawo da kanta. Ta tsaya. Hannunta ya fito daga mayafi kamar ba nata ba, ɗan yatsa ya tura ƙwara ɗaya gefe, ya tura ta biyu, ta uku, ya yi jim a kan wata, ya wuce ta, ya tura ta huɗu. Sai ta farga, ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi.

"Me ta yi?" in ji ɗaya malamar.

Na ce, "Ta ware masu rai ne. Huɗu. Sauran gawa ne."

Agha ya yi wata dariya mai kama da tari. "Allah sarki, Iffat Hanum. Ku yi mata uzuri, idon ne. Je ki gida ki huta, 'yar'uwa."

"Ta dafa kuma ta tafi ba ta ci ba?" in ji Nayyira Hanum. Ta matsa gefe. "Zauna nan kusa da ni, uwa."

Duk wanda ya san abgusht ya san ba a cinsa a tsaye. Na tsiyaye romon a kwanuka, kowa ya yayyaga gurasa ya jiƙa. Na yi ta yanga, ina kawo albasa, ina komawa in kawo ganye, ina mantawa da gishiri. Aka gama romo na ɗauko 'yar taɓarya na daka naman da waken, na daka shi kamar kan Agha ne a ciki. Sau biyu yana yunƙurin tashi, wai zai duba wani abu, Nayyira Hanum na cewa, "Wallahi in ka tashi mu ma mun tashi," ya koma ya zauna. Gumi ya wanko rinin gashin bakinsa, baƙi-baƙi yana gangarowa gefen haɓa. Na ce, "Agha, ƙara nama mana, ba ka ci komai ba. Ko yajin ne ya yi yawa?" Bayan nama na kawo shayi. Bayan shayi na yanka kankana. Bayan kankana na sake kawo shayi. Goggo ba ta kai loma uku ba. Ta ba tagar baya.

Ƙaramar malamar ce ta fara tashi wanke hannu. Ta bi ta gaban taga, ta tsaya, ta ce, "Hanum. Zo ki gani."

Ashirin da shida sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu gari, wasu sun soma kore. Huɗun da ke gefe suna nan yadda suke, har sun fi kyau a rana.

Agha ya fara kame-kame. Wai zafin gilashi ne, wai tururin abinci ne, wai yaran haƙa ne suka cuce shi. Na shiga ƙarƙashin matakala na jawo tukunya ɗaya da gwangwanin kitse na dire a kan shimfiɗa, kusa da ɓawon kankana. Nayyira Hanum ta leƙa, ta shinshina gwangwanin, ta dube shi tun daga rinin gashin baki har takalmi. Ta ce, "Yara talatin, Agha. Sati uku kafin jarrabawa. Ka kuma rantse da ran 'ya'yanka."

Ni Goggo nake kallo. Sai da kowa ya gama gani sannan ta tashi, ta je tagar. Ta ɗauki ɗaya daga cikin huɗun ta ɗaga a rana, ta rufe ido ɗaya, ta buɗe. Ta ɗauki ta biyar ɗin nan da yatsanta ya yi jim a kanta ya wuce, ta ga ta dushe ta gefe guda. Ta gyaɗa kai a hankali. Sannan ta juyo, ta dube shi ido cikin ido, karon farko a shekara guda.

"Yadullah," ta ce, ba Agha ba komai. "Ina dutsen Mahtab?"

Ya waiga wajen ƙofa, ita kuwa ta ci gaba.

"Na yi masa ɗigo uku. Na tuna ranar, na tuna allurar. Ka bar ni shekara ina kallon bango."

Ba mu samu dutsen ba, yana hannun wani a Tehran ko ma a ƙasar waje. Nayyira Hanum ta ɗauki huɗun ta ce Goggo ta zo makaranta ta koya wa yaran yadda ake yi. Kwana arba'in ɗin taga bai samu ba, Goggo ta yi ta mita a kan haka, amma ta yarda. Yara talatin suka riƙa karɓa-karɓa da dutse huɗu, kowace ta ja numfashinta bakwai ta miƙa wa ta kusa. Mahtab ta ci, sai dai makinta bai kai na likita ba, karatun jinya ta samu a Sabzawar. Tana murna. Ni ba na murna. Likita aka sace min, kuma na san wanda ya sace.

Malamai uku in sun ga abu, garin duka ya gani. Kafin sati, uwayen bara sun dawo da zobunansu, wannan karon ba Goggo suke nema da zagi ba. Yanzu a tagar ɗakinmu take shanya duwatsu, masu haƙa na kawo mata har gida, mata na layi a tsakar gida suna hana ni barcin rana. Goggo ta yi kwana biyu ba ta yi min magana ba saboda ƙaryar da na yi mata, a na uku ta ce in miƙo mata allura.

Agha Yadullah ya yi wata huɗu yana zama a shago yana korar ƙuda. Da sanyi ya shigo ya sayar da wurin, ya ce zai koma Mashhad wurin ɗansa. Ranar da zai tafi motar kaya ta tsaya a bakin kasuwa, maƙwabtan shekara arba'in suna leƙe daga shagunansu, ba wanda ya fito da ruwan da ake zubawa a bayan matafiyi don ya dawo lafiya. Ni na fito. Na cika kwano fal, har da koren ganye a kai yadda ake yi, na tsaya a bayan motar. Ya hango ni ta madubi, wallahi har ya ɗan sunkuyar da kai, ya ɗauka na huce. Direba ya tayar da mota. Na jira sai da ya sake ɗagowa muka haɗa ido, na cire ganyen na yar, na kafa kai na shanye ruwan tas.